Buɗe waya da fuska ko da yatsa: wanne ya fi tsaro?

Sadiq_99:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar waya. Yawancin wayoyin yanzu, bayan lambar sirri, suna ba ka zaɓi biyu: ko ka nuna fuska, ko ka ɗora yatsa. Ni a ganina fuska ta fi, tunda ita ce sabuwar fasaha, kuma ga Apple ma sun bar yatsa sun koma fuska a wayoyinsu. In da yatsa ya fi, me zai sa su bar shi? Sai dai wani abokina ya dage cewa ko da hoto ana buɗe wayar da aka kulle da fuska. Tsakani da Allah wanne ya fi tsaro, kuma wanne kuke amfani da shi?

Umman_Hanif:
Wa alaikumus salam. Ni dai yatsa. Kafin in gama fito da wayar daga jaka ta riga ta buɗe.

Injiniya_Bash:
Malam Sadiq, kai da abokinka duk kuna da gaskiya, wayar da kuke magana a kanta ce ba ɗaya ba. Buɗewa da fuska iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai rata mai nisa.

Na farko shi ne wanda yawancin wayoyin Android ke da shi. Kyamarar gaba, wannan da kake ɗaukar kanka hoto da ita, ita ce ke kallonka ta kwatanta da hoton da ta adana. A shimfiɗe take ganin fuskar, ba ta san tudun hanci ko zurfin ido ba. Kuma ba sabon abu ba ne yadda kake zato, tun 2011 Google ya saka shi a Android 4.0, tun a lokacin kuma mutane suka riƙa buɗe shi da hoto.

Na biyu shi ne irin Face ID da ya fito da iPhone X a 2017. Wannan yana watsa ɗigo-ɗigon hasken infirared sama da 30,000 a fuskarka, hasken da ido ba ya gani, sannan wata kyamara ta daban ta karanta yadda ɗigon suka kwanta. Daga nan wayar ke auna siffar fuskar da tudunta da kwarinta. Hoto a takarda ko a sikirin ba shi da tudu, saboda haka ba ya wucewa.

To ka fara gaya mana, wace irin waya ce a hannunka?

Sadiq_99:
Android ce, matsakaiciya. Ba ta manyan nan ba.

Injiniya_Bash:
To yi amfani da yatsa.

Dan_Fulani_07:
Injiniya ya gama magana. A 2023 wata ƙungiyar kare masu sayen kaya ta Birtaniya, Which?, ta gwada wayoyi 48 da hoton da aka buga a takarda, 19 daga ciki suka buɗe. Ba wani ƙwararren ɗan kutse aka kira ba, hoto ne kawai. Kuma in kun lura, lokacin da za ku saita fuskar, da yawan wayoyin nan suna rubuta gargaɗi da kansu cewa wannan hanya ba ta kai lambar sirri tsaro ba. Mu ne ba ma karantawa, sai dai mu yi ta danna na yarda, na yarda.

Hajiya_Kubra:
Innalillahi. Yanzun nan na sa ɗiyata ta nuna wa tawa hotona da ke cikin wayarta. Ba ta buɗe ba. Kenan tawa mai kyau ce?

Injiniya_Bash:
Hajiya, alama ce mai kyau amma ba hujja ba ce. Wani lokaci ƙyallin sikirin ne ke hana ta, in aka kawo hoto babba mai tsabta sai ta buɗe. Ga gwajin da ya fi: duba manhajar bankinki. Android ya raba waɗannan makullai zuwa aji uku, aji na uku ne mai ƙarfi, shi ne manhajojin kuɗi suka fi yarda da shi. In manhajar tana karɓar yatsanki amma ba ta taɓa ba ki zaɓin fuska ba, akwai yiwuwar wayar da kanta ba ta saka fuskar a ajin masu ƙarfi ba.

Mk_Lawan:
Ku daina haɗa Android gaba ɗaya a kwando ɗaya don Allah. Pixel 8 na Google da ya fito a 2023 da kyamarar gaba kawai yake aiki, amma fuskarsa ta kai aji na uku, ana biyan kuɗi da ita. Ba dole sai da ɗigon haske ba.

Injiniya_Bash:
Haka ne, shi ya sa na ce yawanci. Amma shi ma in wuri ya yi duhu sai ya koma neman yatsa, tunda kyamara ce mai buƙatar haske.

Abu_Yasir:
Ni mai iPhone ne, kuma ba zan koma yatsa ba. Lissafin Apple a fili yake: yiwuwar wani baƙo ya ɗora yatsa Touch ID, makullin yatsa na Apple, ya buɗe masa, ɗaya ne cikin 50,000. Na Face ID kuwa ɗaya cikin 1,000,000. Ninki ashirin kenan. Muhawarar me kuma ta rage?

Hassana_ko_Usaina:
Yaya Abu_Yasir, ƙarasa karanta shafin mana. Su Apple ɗin da bakinsu suka ce wannan lissafi bai shafi tagwaye ba, da 'yan uwan da suka yi kama sosai, da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Ni 'yar biyu ce. Wayar 'yar uwata tana buɗe min da fuska, tawa ma tana buɗe mata. Yatsa kuwa bai taɓa yi ba, domin ko tagwayen da ba a iya bambance su zanen yatsunsu daban ne. Lissafin miliyan ɗin na baƙon da ba ka sani ba ne, alhali wanda zai ɗauki wayarka galibi ɗan ɗakinku ne.

Abu_Yasir:
To mu nawa ne tagwaye a duniya? Ba za a yanke wa kowa hukunci saboda ku ba, ranki ya daɗe.

Hassana_ko_Usaina:
Ban ce a yanke ba. Kai ne ka ce muhawara ta ƙare.

Garba_Birkila:
Ku masu aikin ofis ne ke da zaɓi. Ni aikin gini nake yi, siminti ya cinye min zanen yatsu. In na tashi aiki da yamma, ko na ɗora yatsan nan har in gaji ba ta gane ni. Sai na huta kwana biyu fatar ta dawo sannan ta fara karɓa. Dole na koma fuska, kuma na san irin mai arhar ce da Injiniya ya ce, amma ya zan yi? Waya ce da ake kira na aiki da ita, ba zan tsaya buga lamba da hannu duk ƙasa ba.

Sister_Rabi:
Malam Garba, namu akasin naka ne, ko in ce mu duka biyun ke ba mu wahala. A asibiti nake aiki. Hannu cikin safa, fuska cikin takunkumi. In ka cire safar ma hannun ya yi gumi ko ya sha sinadarin wanke hannu, na'urar ba ta karantawa. Lokacin korona masu iPhone a cikinmu sun ga ta kansu, kullum sai buga lamba. Sai a watan Maris na 2022 aka fitar da iOS 15.4, sabon zubin manhajar iPhone, mai gane mutum da takunkumi ta hanyar kallon kewayen ido, shi ma daga iPhone 12 zuwa sama. Lokacin an riga an sha wuyar.

Wani abu kuma da nake gani a wurin aiki: tsofaffi da masu ciwon fata irin na kirci, zanen yatsunsu kan dushe. Akwai ma maganin ciwon daji, capecitabine, da kan goge zanen wasu masu shan sa. Irin waɗannan ba ka ce musu yatsa ya fi.

Mk_Lawan:
Malam Garba, gwada wannan: ka yi rajistar yatsa ɗaya sau biyu, ɗaya da safe hannu na lafiya, ɗaya da yamma bayan aiki. Kuma ka ƙara da ƙaramin yatsa ko na kusa da shi, su ba su cika gogewa kamar babban yatsa da manuni ba. Yawancin wayoyi suna karɓar yatsu huɗu zuwa biyar.

Garba_Birkila:
Na ƙaramin yatsan nan bai taɓa zo min a rai ba. Allah ya saka da alheri.

Baban_Ummi:
Duk kun bar babbar matsalar. Barci! Yarona ya jira na yi barcin rana, ya kama babban yatsana a hankali ya ɗora, na farka na tarar ya sauke wasanni cike da waya. Yatsa ba ya tambaya ko kana farke.

Zee_Zee:
Hhhh Baban Ummi ka tabbata yaron ne? A binciki Maman Ummi dai.

Baban_Ummi:
Ita ai ta san lambar tun ranar da na sayi wayar, ba ta buƙatar yatsana.

Umman_Hanif:
Madalla da kai. Wasu mazan in ka taɓa wayarsu kamar ka taɓa musu rai. Ni ban ga abin ɓoyo tsakanin mata da miji ba.

Dan_Fulani_07:
Hajiya ba kullum rashin gaskiya ba ne. Akwai sirrin wurin aiki, akwai amanar abokai da suka turo maka damuwarsu. Wannan ba naka ba ne balle ka raba.

Umman_Hanif:
Kowa dai ya san abin da ya shuka.

Admin_Sulaiman:
Jama'a a dawo kan waya. Maganar aure tana da nata zauren.

Abu_Yasir:
Yawwa. Kuma maganar Baban Ummi ni ta goya wa baya. Face ID sai idonka na buɗe kuma kana kallon wayar take buɗewa, sai fa in kai ka shiga saiti ka kashe wannan sharaɗin. Mai barci ya tsira.

Mk_Lawan:
Ba kowace fuska ba. Pixel 4 da ya fito a 2019 yana da na'urar auna fuska mai kyau ƙwarai, amma yana buɗewa ko idon mutum na rufe. Sai da aka yi ta surutu kafin Google ya ƙara zaɓin buɗe ido a 2020. Duk mai amfani da fuska ya shiga saiti ya duba ko akwai wannan zaɓi, kuma ko a kunne yake. A wasu wayoyin a kashe yake zuwa, don wayar ta fi saurin buɗewa.

Maryam_Sani22:
Ni tambayata daban ce. Gaskiya ne na'urorin nan ba sa gane baƙar fata sosai? Tawa da rana lafiya lau, amma da magariba ta yi sai ta ce ba ta ga fuska ba, alhali ƙawata mai haske tata na buɗewa a wuri ɗaya.

Dr_Auwal:
Akwai ƙamshin gaskiya, amma a rarrabe. A 2018 Joy Buolamwini ta jami'ar MIT tare da Timnit Gebru sun gwada manhajojin kamfanoni uku masu tantance ko fuska ta namiji ce ko ta mace. A kan maza farare kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, a kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7. A 2019 kuma hukumar NIST ta Amurka ta gwada manhajoji 189, ta samu da yawansu sun fi rikita mutum da wani in fuskar ta 'yan Afirka ce ko 'yan gabashin Asiya. Ana ganin babban dalili shi ne hotunan da aka horar da manhajojin da su, fararen fata sun fi yawa a ciki.

Sai dai waɗannan ba makullin waya aka gwada ba, kada a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Abin da ke faruwa da ke, Malama Maryam, ya fi kama da matsalar kyamara: fata mai duhu ba ta mayar da haske da yawa, in wuri ya dushe kyamarar gaba sai ta rasa abin kamawa. Shi ya sa wasu wayoyin ke ƙara hasken sikirin su haska fuskar. Masu infirared da fitilarsu suke tafe, ko cikin duhu ƙirin suna aiki.

Maryam_Sani22:
Na gode Dakta. Wannan hasken sikirin da ke dallare ido cikin dare shi ya sa ma na kashe ta.

Tsoho_Mai_Hankali:
Ni duk biyun ban yarda da su ba. Ina suke kai hoton fuskar da zanen yatsan? Lambar sirri in ta fita sai ka canja. Yatsa in ya fita fa? Guda goma gare ka har ka mutu, fuska kuma ɗaya. A 2015 an yi kutse a ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka aka kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6. In gwamnatin Amurka ba ta iya tsare nata ba, kamfanin waya ne zai tsare nawa?

Injiniya_Bash:
Baba, tsoronka yana da tushe, amma abin da aka sace a can rumbu ne guda da aka tara na kowa a ciki. Na waya ba haka yake ba. Ba hoton yatsan ake ajiyewa ba, lissafi ne aka ciro daga zanen, aka kulle shi a wani keɓaɓɓen sashe na cikin wayar. Apple na kiran nasu Secure Enclave, Android ma yana da irinsa. Ba ya zuwa intanet, kuma manhajar banki ba ta ganin sa. Ita dai tana tambaya ne, shi ne? Wayar ta ce e ko a'a. Inda ya kamata ka yi taka-tsantsan shi ne manhajojin da ke cewa ka ɗauki hoton fuskarka ka tura musu. Wannan kam ya bar hannunka.

Tsoho_Mai_Hankali:
Haka suka ce. Ni dai lambata tana cikin kaina.

Dan_Fulani_07:
Kuma kada masu yatsa su yi ta murna. Kwanaki kaɗan bayan fitowar iPhone 5s a Satumbar 2013, ƙungiyar masana kutsen kwamfuta ta Jamus, Chaos Computer Club, ta ɗauki zanen yatsa daga jikin gilashi, ta yi na roba, ta buɗe Touch ID. A 2014 ɗaya daga cikinsu, Jan Krissler, ya nuna ya haɗa zanen babban yatsan Ursula von der Leyen, lokacin tana ministar tsaron Jamus, daga hotunan da aka ɗauke ta kawai. Face ID ma wani kamfanin Biyetnam, Bkav, ya nuna ya buɗe shi da fuskar roba a 2017.

Zee_Zee:
To Dan Fulani, wa zai zauna ya ƙera fuskar roba saboda wayata? Ya buɗe ya tarar da me, hotunan yara da saƙonnin bashi? Waɗannan labaran na ministoci ne. Ni ɓarawon da nake tsoro shi ne mai fizgewa ya ruga.

Dr_Auwal:
Zee_Zee ta taɓo inda maganar take. Kowa ya tambayi kansa, wa nake kullewa dominsa? In mai fizge ne, yatsa da fuska mai auna tudu duk sun ishe ka. In na gida ne, mai barci ya ji tsoron yatsa, mai kama da ɗan uwansa ya ji tsoron fuska. In kuma wanda zai tilasta maka ne, duka biyun ba su da amfani, domin ana iya kama hannunka a ɗora, ana iya ɗaga wayar a gabanka. Ko a Amurka kotuna sun saɓa wa juna kan ko ɗan sanda na da ikon sa ka buɗe da yatsa.

Akwai dabarar da ya kamata kowa ya sani. A iPhone, ka danne maɓallin gefe tare da na ƙara sauti har allon kashewa ya fito, daga nan ba ta ƙara karɓar fuska sai lamba. A Android tun daga na 9 akwai Lockdown mai yin irin wannan aiki a wurin maɓallin kashewa, a wasu wayoyin sai ka kunna shi a saiti kafin ya bayyana. In ba ka tuna komai ba, kashe wayar kawai. Duk wayar da aka kashe aka kunna sai ta nemi lamba.

Tsoho_Mai_Hankali:
Kun gani? An zaga an zaga an dawo kan lambata.

Injiniya_Bash:
An dawo Baba, amma ba yadda kake so ba. Lambar ita ce ainihin makullin, fuska da yatsa gajeriyar hanya ce kawai. Shi ya sa iPhone ke neman ta in ta kasa gane ka sau biyar ko ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba, Android kuma duk bayan awa 72. Matsalar ita ce mai buga lamba kullum a bainar jama'a, na bayansa na kallo. Ɓarayi sun gane wannan: su leƙa lambar tukuna, sannan su fizge wayar, su shiga su canja komai. Dalilin da ya sa kenan a Janairun 2024 Apple ya kawo Stolen Device Protection a iOS 17.3. In kana wurin da wayar ba ta saba ba, lamba kaɗai ba ta isa a canja kalmar sirrin asusunka, sai da fuska ko yatsa, kuma a jira awa ɗaya a sake nunawa.

Sannan lamba huɗu hanyoyi 10,000 ne kacal, shida kuma 1,000,000. Wanda ya sa Face ID amma lambarsa 1234 ce ko shekarar haihuwarsa, ƙofar ƙarfe ya sa ya bar taga a buɗe.

Hajiya_Kubra:
Shekarar haihuwa ma ba ta yi? To wallahi rabin mutanen zauren nan sai su canja.

Sadiq_99:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min ɗaya tambayar. In yatsa bai gaza ba, me ya sa Apple suka cire shi?

Mk_Lawan:
Wuri suke nema. Touch ID a maɓallin ƙasa yake zaune, su kuma suna son sikirin ya cika gaban wayar, sai maɓallin ya tafi. iPhone SE ce ta ƙarshe mai shi, da iPhone 16e ta maye gurbinta a 2025 aka rufe babin a wayoyinsu. Amma ba su yar da shi ba, yana nan a MacBook da wasu iPad. Kamfanonin Android kuma sai suka bi wata hanya, suka mayar da makullin yatsan baya, ko gefe a kan maɓallin kunnawa, ko ƙarƙashin sikirin.

Abu_Yasir:
Wuri kaɗai? Ba don ya fi tsaro ba? Haba Lawan.

Mk_Lawan:
Duka biyun na iya zama gaskiya. Ni dai na san in waya na kwance a tebur, mai yatsa taɓawa kawai zai yi, kai kuwa sai ka ɗaga ta ko ka leƙa kanta.

Abu_Yasir:
Ni kuma in hannuna na jiƙe ko ina sanye da safa, kallo ɗaya ya ishe ni.

Sister_Rabi:
Tunda an zo kan na ƙarƙashin sikirin, me ya sa ya fi na gefe jinkiri? Tsohuwar wayata na gefe ne, ko taɓawa ban gama ba ta buɗe. Sabuwar sai na danna na jira, ga wani haske da take yi.

Injiniya_Bash:
Naki mai haske ne. Sikirin ke haska yatsan, wata 'yar kyamara a ƙasa ta ɗauki hotonsa, shi ya sa busasshen yatsa ko rana mai ƙarfi ke ba shi wahala. Na gefe da na baya da lantarki suke jin tudun zanen kai tsaye, ba gilashi mai kauri a tsakani. Akwai na uku, mai aika sautin da kunne ba ya ji ya dawo da siffar zanen, irin wanda Samsung ya fara sakawa a Galaxy S10 a 2019. Shi ya fi jure danshi, amma a shekarar an gano wata rigar waya ta silikon mai rufe sikirin na iya sa ya karɓi yatsan kowa, sai da suka fitar da gyara.

Garba_Birkila:
Kenan gilashin kariyar da nake liƙa wa tawa ma yana iya zama cikin abin da ke hana ta gane ni?

Injiniya_Bash:
In na'urar a ƙarƙashin sikirin take, ƙwarai kuwa. Duk lokacin da ka canja gilashin, goge yatsun da ka adana ka sake rajista da sabon a kai. Kuma duba saiti, wasu wayoyin suna da wurin ƙara ƙarfin jin taɓawa saboda masu gilashin kariya.

Garba_Birkila:
Tawa a baya take.

Injiniya_Bash:
To simintin ne.